Idan Sarƙar Taimin Ta Tsinke: Abin da Ke Lalacewa da Yadda Ake Gyara Shi

Mota na tsaka da tafiya sai a ji wata gajeriyar ƙarar ƙarfe daga gaban inji, ta mutu nan take, fitilun dashbod su kunno gaba ɗaya. Direba ya gangara gefen titi ya murɗa makulli. Kik ya juya injin da sauri fiye da yadda ya saba, da wata murya shafal marar nauyi, amma motar ko tari ba ta yi ba. Wannan saurin shi ne alamar farko cewa babu kwamfireshan, wato bawuloli ba sa rufewa. Daga nan a zare makulli. Duk murɗawar da aka ƙara, fistin ne ke sake dukan bawul ɗin da ya riga ya lanƙwashe, kuma tsinkakkiyar sarƙar da ta zube ƙasa tana iya naɗewa a giyar karanshaf ta fasa murfin gaba. Kada a tura, kada a ja ta cikin giya da nufin ta tashi. Janwe ko igiya, giya a firi.

Dalilin ɓarnar a fili yake. Karanshaf, sandar ƙasa da fistin ke juyawa, na juyawa sau biyu, kamshaf (kam), sandar sama mai buɗe bawuloli, sau ɗaya, sarƙar taimin ce ke riƙe da wannan lissafi. A yawancin injunan da ke yawo a titunanmu, irin 1ZZ-FE na Corolla 2003 zuwa 2008, da 2AZ-FE na Camry mai lita 2.4, da K24 na Accord, wurin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke isowa idan ya kai sama. Ba sa haɗuwa ne kawai saboda kowa da lokacinsa. Sarƙa na tsinkewa kam ya tsaya, wasu bawulolin su daskare a buɗe, fistin kuwa bai san an yi ba. A juyi 3,000 cikin minti, kowane fistin na kaiwa sama sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Mota mai giyar hannu ma ta fi shan wuya, domin tayoyi na ci gaba da juya injin har sai an taka kuloci.

Kafin a sayi komai

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu mota shi ne garzayawa kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo sarƙa da gasket tun ba a san girman ɓarnar ba. Wani kuma a saka sabuwar sarƙa kawai a gwada sa'a. Ana dacewa jefi-jefi, musamman idan a tsaye motar take lokacin da abin ya faru, amma sa'a ba awo ba ce. Aikin awa biyu ya isa ya nuna maka ko gyara za a yi ko neman wani inji.

A cire kan batir, a buɗe murfin sama, a fitar da fulogai duka a jera su bisa lambar silinda. Fulogin da bakinsa ya maƙe ko farin kaskonsa ya fashe yana ba da mugun labari: akwai ƙarfen da ya karye yana yawo a wannan silindar. Idan akwai ƙaramar kyamarar nan mai waya da ake haɗawa da wayar hannu, a zura ta ramin fulogi a dubi kan fistin. Shatar da ta yi kama da jinjirin wata ita ce sawun bawul.

Sai a dubi kamshaf kansa, kuma a nan ne da yawa ke wucewa da sauri. Sarƙar ƙarfe ba ta cika tsinkewa haka siddan ba, akwai abin da ya kai ta. Idan kam ya ƙi juyuwa da sifana, ko aka cire marufansa aka ga aluminiyam ya narke ya manne a wuyansa, to baƙin mai ne ya daina hawowa, kam ya cije, sarƙa ta bi baya. A irin wannan hali sabuwar sarƙa ba ta magance komai, tunda abin da ya hana mai hawowa yana nan, kuma tabbas metal ɗin ƙasa, shimfiɗun ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansu, su ma sun ɗanɗana. Idan kuwa kam na juyawa sumul, wuyansa na sheƙi da mai, to laifin na sarƙa ne da tenshina mai ɗame ta, da damfa, robobin nan da sarƙar ke zamewa a kansu.

Kada a juya karanshaf sai an cire murfin gaba an zaro tsohuwar sarƙa. Bayan nan a juya shi da hannu a hankali, ana jin ya tokare a tsaya a koma baya. A inji mai silinda huɗu, idan aka gusa kwata ɗin zagaye, wato digiri 90, daga maki na sama, inda fistin na ɗaya ke ƙololuwa, fistin huɗun duk suna tsakiyar hanya, babu mai iya taɓa bawul. A nan ake ajiye shi duk lokacin da za a juya kam ko a cire shi.

Da kam a waje, kowane bawul ya kamata ya rufe. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan jerin kofunan bawul: wanda ya yi ƙasa da 'yan'uwansa ya lanƙwashe, bai koma mazauninsa ba. Don tabbatarwa a sauke fistin ɗin silindar da za a gwada zuwa ƙasa, a busa iskar kwamfireso ta ramin fulogi, a kasa kunne. Huci ta wajen shigar iska, bawul ɗin shiga ne. Ta salansa, na fita ne. Huci mai ƙarfi ta ƙasa, wajen baƙin mai, fistin ne ya fashe ko zobe ya karye. Kumfa a bakin lagireto kuwa tsagewa ce a tof silinda ko gasket. A kiyaye hannu daga fuli yayin wannan gwaji, domin iska na iya juya injin ba zato.

Sauke tof silinda

Inji a sanyaye, ruwa da mai a zube. Notukan tof ana sassauta su daga na gefe zuwa na tsakiya, a zagaye biyu ko uku, ba a kwance ɗaya gaba ɗaya a bar saura a ɗaure, domin haka ne ke murɗe aluminiyam. Masu tsohuwar Hilux mai injin 22R su tuna akwai wani ƙaramin noti a can gaba, ƙarƙashin giyar kam, nutse cikin baƙin mai, wanda ya haɗa tof da murfin sarƙa. Wanda bai san da shi ba ya sa ƙarfe ya ɓanɓara, sai ya fasa murfin. Notukan murfin gaba kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. A zana surar murfin a kwali a soke kowane noti a gurbinsa. Dogo a ramin gajere yana iya tokare tenshina ko ya fasa zare.

Kofunan bawul da marufan kam kowanne da wurinsa, ba a cakuɗa su. Kwalin ƙwai ya isa wannan aiki.

Bawul ɗin da ya lanƙwashe sosai ido na ganinsa. Wanda ke yaudara shi ne mai ɗan karkata kaɗan. A jingine tof ɗin a gefe, a cika ramukan shiga da kalanzir, a jira minti biyar zuwa goma, a dubi fuskar bawuloli. Sai a juya a yi wa na fita haka. Duk inda ya jiƙe akwai magana. Bayan an cire su a mirgina ƙafar kowanne a kan gilashi da kansa a waje, ko a ɗaure a bakin injin huda a juya a ga ko kan na rawa. Ra'ayina a nan ba ya da sassauci: duk silindar da aka ga sawun duka a fistin ɗinta, a canza bawulolin wannan ɓangaren gaba ɗaya ko da sun ci jarrabawar kalanzir. Kuma ba a miƙar da bawul da guduma. Wuyansa ya riga ya ji rauni, zai yi aiki wata biyu ko uku, ranar da kan ya ɓalle ya faɗa silinda a kan gudu, fistin da tof da bulok duk sun tafi tare. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Abin da ake yawan mantawa shi ne gaid, bututun da ƙafar bawul ke kai da komowa a ciki. Lokacin da bawul ya lanƙwashe yakan tsaga bakin gaid ta cikin rami, tsagar da sai an wanke an haska tocila ake gani. Guntunsa na iya ɓallewa daga baya. A injunan Toyota ratar da ke tsakanin ƙafar bawul da gaid takan kasance wajen milimita 0.03 zuwa 0.06, iyakarta 0.08 a na shiga, 0.10 a na fita. Wanda ya tsage ko ya wuce haka a kai wa masu injin gyaran tof su canza. Idan an canza gaid, dole a sake yanka mazaunin bawul, domin tsakiyarsa ta gusa. Girandin da hannu, wato goga bawul a mazauninsa, ba ya gyara mazaunin da ya kauce, gogewa ce kawai ta ƙarshe. Abin da ake nema bayan girandin shi ne zobe mai ruwan toka da ya zagaye fuskar bawul ba yankewa, faɗinsa tsakanin milimita 1 da 1.5. Sannan a wanke man girandin tas, ƙwayarsa ɗaya a cikin gaid ta isa ta cinye shi. Sil ɗin ƙafar bawul duk sababbi.

Fuskar tof a auna ta da miƙaƙƙen ƙarfe da fila geji, siraran ƙarafunan auna rata, a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa. Iyakar 1ZZ-FE milimita 0.05 ce, ta 22R 0.15. In bai wuce ba, kada a aske shi don al'ada kawai. Duk abin da aka aske yana matso da kam kusa da karanshaf, sarƙa ta ƙara sako-sako, taimin ya ɗan ja baya, tenshina ta fara aiki daga inda ya kamata ta ƙare. Tsohon 22R da aka aske sau biyu ko uku a rayuwarsa yakan yi ƙarar sarƙa ko da sabuwa ce fil.

Ƙasan inji

Shata marar zurfi a tsakiyar kan fistin ba ta hana shi aiki. A goge kaifin gefenta don kada ya yi ja da zafi ya riƙa kunna fetur kafin lokaci. Amma idan dukan ya sauka kusa da baki, yakan matse gurbin zoben farko, zoben ya maƙale, silindar ta rasa kwamfireshan ko ta fara shan mai. Wannan sai an zaro fistin an ga zoben na yawo a gurbinsa.

Kwanrod, sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, na lanƙwashewa ba tare da ido ya gani ba. A kawo kowane fistin can ƙololuwa a auna tsayinsa da fuskar bulok, da agogon awo in akwai, in babu da miƙaƙƙen ƙarfe da fila geji, a kan layin fin ɗinsa don kada rawar fistin ta ruɗe ka. Huɗun su zo kusan daidai. Wanda ya gaza saura da abin da ya haura milimita 0.1 abin tuhuma ne, a fitar da shi. A injin dizal wannan awo wajibi ne, tunda kusan babu fili tsakanin fistin da bawul, kuma dukan yakan karya har da kam ko marufansa.

Botom filet, kaskon baƙin mai na ƙasan inji, kuwa babu zancen barinsa. Can ne gutsattsarin damfa da ƙwayoyin sarƙa suke taruwa, famfon mai ya zuƙo su su toshe rariyarsa. Injin da aka kashe wa kuɗi a sama aka ƙi buɗe ƙasansa yakan tashi lafiya, ya yi kwana kaɗan, fitilar mai ta fara ƙiftawa a kan hanya, daga nan sai nokin. A cire rariyar a wanke da fetur a busa, a haska a ga babu abin da ya maƙale a bututun. A tattara gutsattsarin a jera su da abin da ya rage na tsohuwar damfa, a ga ko sun cika. Tunda an buɗe, a kwance metal ɗin kwanrod na silindar da ta fi shan duka. Idan ya nuna jan ƙarfe, ko ya yi zane, ko ya faɗo daga gurbinsa da kansa, a duba sauran duka tare da wuyan karanshaf. 2AZ-FE da K24 suna da wata ƙaramar sarƙa ta biyu a ƙasa mai juya famfon mai, ita ma shekarunta ɗaya da wadda ta tsinke.

22R na da tasa cutar daban. Na farkonsa sarƙa mai layi biyu gare shi, daga baya cikin shekarun 1980 aka koma layi ɗaya da damfar roba. Idan robar ta karye, sarƙa kan yi ta gugar cikin murfin aluminiyam har ta huda hanyar ruwa da ke bayan famfon ruwa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Sau da yawa gasket ake ɗora wa laifi. A juya murfin a dubi layuka biyun da sarƙa ta tona. In sun yi zurfi, murfin ya gama aiki.

Manifol ɗin shiga ma a cire a girgiza a wanke. Idan bawul ko gaid ya karye, guntun na iya komawa ciki ya ɓuya, ranar tashin farko wata silindar ta haɗiye shi.

A nan ake zama a yi lissafi. Bawuloli da gaid da kayan sarƙa da gasket, wannan gyara ne mai ma'ana. Amma idan bangon silinda ya tsage ko ya yi rami mai kama farce, ko kam ya cije ya cinye gurbinsa kuma metal sun tafi, injin Beljiyam yakan fi sauƙi. Sai dai shi ma da tsohuwar sarƙarsa ya zo, ba wanda ya san irin man da ya sha. A canza masa kayan sarƙa da sil tun yana ƙasa, lokacin da aikin bai fi na rabin yini ba, kuma a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin saboda takardun mota.

Haɗawa

Kayan sarƙa saiti ake canzawa: sarƙa, giyar sama da ta ƙasa, tenshina, damfa duka, sil ɗin gaban karanshaf. Abin da ake kira miƙewar sarƙa ba ƙarfen ne ke talewa ba, fin-fin ɗin da ke haɗa ƙwayoyin ne ke cinyewa, haƙoran giya su cinye daidai da su. Sabuwar sarƙa a kan tsohuwar giya ba ta zama daram, nan da nan take tsufa. Nan ba wurin neman araha ba ne, jabun tenshina kaɗai ya isa ya maimaita duk abin da ya faru. A injin VVT-i, mai gusa taimin da matsin mai, a kama giyar kam ɗin shiga a gwada: a kulle ya kamata ta kasance, in tana kaɗawa gaba da baya ta mutu. Akwai kuma wata 'yar rariya a jikin tof da ke tace man da ke zuwa wa wannan giya, a zaro ta a wanke.

Ramukan notukan tof a bulok a busa su su bushe. Mai ko ruwa a ƙasan rami na sa sifanar awo ta nuna an ɗaure alhali noti bai danne komai ba, wani lokaci ma ya tsaga bulok. Ana ɗaurewa daga tsakiya zuwa waje, daki-daki. 22R ɗaurin niyuton-mita 78 yake so a sifanar awo. 1ZZ-FE kuwa 49 ne, sannan a ƙara wa kowane noti digiri 90, a ɗiga fenti a kansa don kada a manta wanda aka yi. Irin waɗannan notukan masu ƙarin digiri talewa suke yi, wanda ya sirance a canza shi. A 2AZ-FE a lura da na baya: zaren bulok ɗinsa ya yi suna wajen zamewa. Noti ya yi ta juyawa bai yi tauri ba, a tsaya a sa zaren ƙarfe na gyara, kada a rufe a haka. Gasket ɗin tof a bushe ake sa shi, ban da gam.

Wajen saita taimin, kam ake fara kaiwa makinsa alhali fistin na tsakiyar hanya, sannan a dawo da karanshaf maki na sama ta gajeriyar hanya. Ƙwayoyin sarƙa masu launi su hau kan makin giyoyi. Ɓangaren da ake ja ya zama a miƙe, sako-sakon duk ya taru a wajen tenshina. A 1ZZ-FE ana sa tenshina a naɗe da ƙugiyarta, a juya karanshaf baya kaɗan ƙugiyar ta saki, a dawo gaba a tabbatar ta turo. Notukan tenshinar 22R wajen niyuton-mita 19 kawai suke so, in aka matse fiye da kima jikinta ya murɗe ta maƙale. Daga nan a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku ba fulogi. Ya tokare, kada a tilasta. Bayan zagaye biyun ƙwayoyi masu launi ba za su koma kan maki ba, kuma ba kuskure ba ne, sai bayan juyi masu yawa suke sake haɗuwa. Makin giyoyin kansu ake dubawa.

Tunda an taɓa bawuloli, ratarsu ta canza. 22R na da sukurin saiti: milimita 0.20 shiga, 0.30 fita, a maimaita bayan inji ya yi zafi. 1ZZ-FE a sanyaye ake aunawa, 0.15 zuwa 0.25 shiga, 0.25 zuwa 0.35 fita, kuma ba shi da sukuri, kofin ake canzawa da mai wani kaurin. Rata ta yi kaɗan, sabon bawul ya ƙone.

Gam ɗin murfin gaba siririn layi ne, milimita 3 zuwa 4, a kan fuska busasshiya marar mai, da ɗan ƙari inda tof ya haɗu da bulok. A rufe cikin minti uku, a bar shi aƙalla awa biyu kafin a zuba mai. Abin da ya tsatso ta waje, irinsa ya tsatso ta ciki, kuma rariyar famfon mai zai nufa.

Tashin farko

Sabon mai, sabuwar filta mai kyau. A bar fulogai a waje, a cire fiyus ɗin famfon fetur da wayar kwayil, a yi kik na daƙiƙa 10 a huta, har fitilar mai ta mutu, domin tenshina da matsin mai take aiki. Wannan ne kuma lokacin gwada kwamfireshan: a waɗannan injunan na Toyota kada ya gaza wajen PSI 142, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 14. Mai distiribiyuta a sake saita masa wuta da fitilar taimin. Idan ya tashi, ɗan ƙarar daƙiƙa biyu ba komai, wadda ta zarce haka a kashe a bincika. A bar shi ya yi zafi har fanka ta kama, a fitar da iskar lagireto, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. A juye wannan mai da filta bayan kilomita 500, a dubi abin da ya fito a rana ko yana ƙyalli.

Saura abin da ya kashe sarƙar farko. Man da ya wuce lokacinsa yana zama dagwalo ya toshe ƙaramin ramin tenshina, ƙurar hunturu da ta wuce yagaggiyar filtar iska tana cin fin-fin ɗin sarƙa, cire tamostat da aka mayar al'ada yana hana inji kai zafin da zai ƙone danshin cikin mai, 20W-50 a injin da aka ƙera don 5W-30 kuma yana jinkirin isa sama da safe. Sarƙa takan yi gargaɗi na watanni: ƙarar kacau-kacau a tashin safe da ke ƙara tsawo, ko lambar P0016 idan an sa kwamfuta. A wannan matakin murfin gaba kawai ake buɗewa, tof silinda na zaune a wurinsa.